Wa Yake Tashin Baba?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Gwaram. Babanta, Malam Ƙasimu, direba ne. Tun asuba yake kai fasinja Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Barcinsa bai fi awa huɗu ba.

Da gajiya ta yi masa yawa, sai ya je asibiti. Likita ta ce kitse ya fara taruwa a hantarsa, ƙodarsa kuma ta yi rauni. Ta hana shi ƙwayoyin gajiya da yake saya a tasha. Ta ce ya daina fitar yamma, ya riƙa samun isasshen barci.

A gidansu, idan maza sun yi sallama, yarinyar ce take fita zaure. Don haka Innarta, Tani, ta ja mata kunne. Ta ce daga yau Baba zai riƙa kwanciya bayan azahar. Duk wanda ya zo, ta ce masa yana barci.

Kashegari Alhaji Maikano, shugaban tasha, ya yi sallama. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar albarka, maza kira mini babanki," in ji shi.

Ta dubi furfurarsa. Ta ji nauyin ta mayar da babban mutum daga ƙofa. Sai ta lallaɓa ɗaki ta taɓa ƙafar Baba.

Baba ya fito idanunsa jawur. An ce ga fasinjan garin Zandam, babu mota. Shi kuma ba ya iya cewa a'a. Ya ɗauki makulli ya tafi.

Da Inna ta tambaya, yarinyar ta ce da kansa ya farka.

Haka aka yi ta yi har mako uku. A tasha ana yabon ladabinta, ita kuma tana jin daɗi.

Sai ƙafafun Baba suka kumbura, takalminsa ya daina shiga. Ya daina cin tuwo. Wata safiya ya yi ta amai, ya kasa tashi. Aka ɗauke shi sai Birnin Kudu.

Yarinyar ta gan shi a gadon asibiti, an sa masa allura a hannu. Ta kira shi, bai buɗe ido ba.

Likita ta tambayi Inna ko yana barci kamar yadda aka ce. Inna ta ce yana kwanciya, amma ba ya jimawa yake farkawa.

"Ba farkawa yake yi ba," in ji yarinyar. "Ni nake tashinsa. Ƙarya na yi miki, Inna."

Likita ta jawo yarinyar kusa. Ta ce lokacin barci ne jiki yake gyara kansa. In barci ya yi kaɗan, kitse ya fi saurin taruwa a hanta. Ga shi ƙodar Baba ba ta da ƙarfi, don haka haɗarin ya fi yawa.

"Zai mutu?" yarinyar ta tambaya.

"Da yardar Allah zai tashi. Amma sai kun taimaka masa."

Bayan kwana tara aka sallami Baba. Ya ce shi ma da laifinsa, tunda ba ɗaure shi aka yi aka kai tasha ba.

Ran Talata Alhaji Maikano ya sake sallama. Yarinyar ta durƙusa kamar kullum.

"Baba Alhaji, ka yi haƙuri. Yana barci. Likita ta ce kada a tashe shi."

Alhaji ya gyaɗa kai. "To, sarkin ƙofa. Da kin faɗa mini tun farko, ai da ban matsa ba. Ki gaishe shi in ya tashi."

Bayan wata huɗu aka sake gwaji. Kitsen ya ragu, ƙodar ma ta daidaita. Baba ya koma cin tuwonsa har yana neman ƙari.

Daga nan yarinyar ta gane cewa barci magani ne. Ta kuma gane faɗin gaskiya ga babba cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.