Wa Ke Karanta Littattafaina?

"Fil ɗin waye wannan?"

Na ɗora littafin a kan kantar shagon maganin da nake aiki, na buɗe shi daidai inda abin yake maƙale. Fil ne na mayafi mai ɗan dutse kore a kai, wani ya yi alamar shafi da shi.

Injiniya ya kalli fil ɗin, ya kalle ni, ya koma kallon firijin da ke bayana kamar shi ya yi tambayar.

"Malamata..."

"Ba ni na ce ba. Fil ɗin na tambaya."

"Ƙila a ciki kika ba ni shi."

"Ban taɓa saka kore ba, ka sani."

Ya sosa ƙeya, ya ce ana jiransa a wani wurin aiki, ya ɗauki jakar kayan gyaransa ya fice.

Gyaran firijin da muke ajiye allurai ya fara kawo shi shagon. Ya same ni da littafi a hannu, ya tambayi abin da nake karantawa, ni kuwa in aka taɓo nan bakina ba ya da linzami. Na ce masa littattafan dodanni da masarautun da babu su a duniya suna da daɗi, sai dai duk lokacin da marubucin ya rasa mafita sai ya jefo wa jarumi zoben sihiri. Na soyayya ƙarya ce zalla, amma ita nake so. Tsofaffin littattafai kamar magani mai ɗaci suke, sai an daure. Na ban tsoro kuwa, na ce duk mai jin daɗinsu a duba zuciyarsa.

Ya yi dariya, ya ari ɗaya.

Da ya dawo da shi, abin da ya faɗa ne ya kayar da ni.

"Marubucin nan bai taɓa jinyar kowa ba," ya ce. "Matar da ta kwana a kan mijinta mara lafiya ba waƙe za ta yi masa da safe ba. Faɗa za ta yi masa don ya ƙi shan ruwa."

A ranar na kamu. Ina na taɓa ganin namijin da ya san wannan? Daga nan kowane littafi ya ara sai ya dawo da maganar da za ta hana ni sukuni, in ba shi amsa, ya tafi, ya sake dawowa da wadda ta fi ta zafi. Har muka kai ga maganar aure, sai ta tsaya cak a ƙofar mahaifiyarsa. Ko ganina ba ta yi ba ta ce yarinyar da ta cika kanta da labaran ƙarya ba za ta riƙe gida ba.

Yanzu kuma ga fil.

Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda ba a kashe ta, ta matso tana goge kwalabe. Tun ranar gyaran firiji take da ido a kansa, na sani sarai, amma mai ciwo ba ya zaɓen mai magani.

"Ni dai ban ce komai ba," ta ce. "Amma shinshina littafin."

Na shinshina. Turaren mace ne, mai sanyi.

"Ke kina ba shi, shi yana kai wa wata. Ta karanta a kwance, ta faɗa masa ra'ayinta, ya zo ya juye miki. Ƙawata, ba kya jin maganganun nan na mace ne? Uwa kawai ya fake da ita."

Na so in ce ta yi mini shiru. Amma na tuna maganar jinya, na tuna ranar da ya ce wata jaruma ba son saurayin take yi ba, gajiya ta yi da wanke kwanukan gidan yayanta. Wane mai gyaran firiji ne zai hango wannan?

Da ya zo karɓar wani littafin na ɗana masa tarko. Na saki fuska, har da zuba masa shayi.

"Wancan na matar direban jirgin ruwa," na ce, "ka ga inda ta ƙona gidan a ƙarshe? Ya ka gani?"

"Ai... ta yi daidai. An kai ta bango."

"Haka ne."

Babu gidan da aka ƙona a littafin. Ko ashana ba a kunna ba.

Na miƙa masa sabon littafi. Yana fita na cire rigar aiki, na ce wa Rediyo ta riƙe shago. Har da yi mini fatan alheri, bakinta har kunne.

Na bi shi daga nesa. Ya wuce tashar mota, ya ratsa layin masu walda, ya shiga wani dogon gini mai matakala a waje. A hawa na biyu ya tura wata ƙofa mai shuɗin fenti, bai ko ƙwanƙwasa ba. Wato har ya saba.

Na tsaya a bakin ƙofar na kasa kunne. Sai na ji muryar mace daga ciki.

"Ka kawo? Me ta ce a kan matar direban?"

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba.

Tsohuwa ce zaune a kan kujera, ƙafa ɗaya a miƙe bisa matashi, tabarau a kan hanci, littafina a cinyarta. Mayafinta kore. Hoton wani dattijo mai irin goshin Injiniya yana rataye a bango.

Injiniya ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Mama... ita ce."

Na durƙusa. Na gaishe ta. Ta sauke tabarau ta ƙare mini kallo, ba gaggawa.

"Ke ce kika ce matar nan ta kyauta da ta yafe wa mijinta?"

"Ni ce, Mama."

"Ba ta kyauta ba. Ta yi gaggawa. Zauna."

Na zauna a bakin kujera.

"Na farkon a ɗakinsa na tsince shi, ya ce wata yarinya ce ta ba shi aro," ta ce. "Na ɗauka don in ga irin shirmen da ke kanki, in samu abin da zan nuna masa. Na karanta, na zage marubucin tas. Washegari ya dawo ya ce kin ce kaza. Na ce koma ka ce mata kaza. To, kin ji."

"Kin san maganarki ce yake kawo mini?"

"Ni na hana shi faɗa. Ina ni ina muhawara da yarinyar da na ce ba na so?" Ta gyara ƙafarta. "Tun da mahaifinsa ya rasu kowa sai lallaɓa ni yake yi, to Mama, haka ne Mama. Ke kaɗai kike ce mini ban yi daidai ba."

Ya kamata in yi murna. Amma ban yi ba, na nemi izini na fito. Ya biyo ni kan matakala.

"Malamata, ki saurare ni."

"Wa na so?" na ce, hawaye na zubo mini. "Faɗa mini. Duk maganar da ta sa na so ka, mai ita tana ciki da ciwon gwiwa. Kai wane ne? Ko shafi ɗaya ka taɓa karantawa?"

"Na naki? Na gwada, barci yake ɗauke ni." Ya sunkuyar da kai. "Na ban tsoro nake karantawa. Akwati guda gare ni a ƙarƙashin gado. Ranar farko kika ce a duba zuciyar mai son su, sai na haɗiye."

"Me kake samu a cikinsu?"

"Tsoro. Ni matsoraci ne, abar ƙaunata, kin gani da idonki. A cikinsu kullum akwai wani da jikinsa ke rawa, amma ya buɗe ƙofar saboda nasa yana ciki. Shi nake so in zama." Ya ɗago. "Na yi miki ƙarya, ba ni da ta cewa. Amma na ga mata biyun da nake so suna hira ta bakina, Mama tana dariya har tana tari. Na kasa yankewa."

Wannan maganar dai tasa ce, babu wanda ya ba shi aro, kuma ta shige ni fiye da duk waɗanda ya yi dako.

"Kada ka ƙara zuwa mini da bakin wani," na ce. "Ko shirme ne, naka nake so."

"Na yi alkawari."

"Kuma gobe ka kawo mini ɗaya daga akwatin nan. Wanda bai cika jini ba."

Sai muryar Mama ta taso daga ciki.

"Kai, in kun gama, je ka ce wa kawunka ina nemansa, a sa ranar zuwa gidansu. Ke kuma 'yata, dawo ciki. Ba mu gama da matar direban nan ba."

Na share fuskata da gefen mayafi, na bar shi tsaye a kan matakala, na koma.