Mai Ihu Yana Numfashi

Aiken ba wani babba ba ne. Tukwanen iskar numfashi biyu za su kai babban asibiti a cika, su dawo da su kafin duhu. Layi ne ya riƙe su, sai da rana ta yi ja sannan motar asibitin ta kamo hanyar gida.

Baba Direba na tuƙi yana tsokanar Auta, kamar kullum.

"Wata uku da ba ka takardar shaida, har yau littafin nan na kan cinyarka. Ranar da ka ga jini na gaske, ni zan fara yi maka fifita kafin mu kula majinyacin."

"Na ga jini, Baba."

Baba ya tuna, ya bar tsokanar.

Wata goma sha ɗaya ke nan da babur ya kayar da yayan Auta a bakin titin gidansu. Jama'a suka taru, wannan ya kama ƙafa, wancan ya kama hannu, aka ɗaga shi kamar buhu, kansa na reto. Auta kuwa ya ruga ya ɗebo ruwa ya ɗura masa a baki, don iyakar abin da ya sani ke nan. Yaya bai kai asibiti ba. Daga nan Auta ya rufe teburinsa na gyaran waya, ya shiga horon agajin gaggawa. Karatunsa bai yi nisa ba, sai ya riƙa haddace darasi kamar waƙa. A mako na biyu ne Sista mai koyar da su ta ce ba a ba wanda ya suma ruwa, ba a kuma ɗaga shi wuya na lilo. Ranar a bayan aji ya ƙarasa darasin, fuskarsa a cikin riga.

Sun sha wata kwana ke nan Baba ya taka birki.

Tabon taya ne baƙi a kan kwalta, ya karkace ya sauka gangare. Can ƙasa wata ƙaramar mota na kwance a gefenta, tayarta ɗaya na juyawa a hankali.

Auta ya sa safar hannu. Darasin farko ya faɗo masa: ka fara duba lafiyar wurin, kada a zo ɗaukar mutum ɗaya a ɗauki biyu. Babu wuta. Babu wayar lantarki a ƙasa. Warin fetur dai, da na ƙonannen roba. Baba ya zura hannu ya kashe injin motar, wurin ya yi tsit.

Wani mutum yana kwance rigingine cikin ciyawa, nesa kaɗan da motar. Magidanci ne, takalminsa ɗaya ya fita.

"Bawan Allah! Kana ji na?"

Bai motsa ba. Sai wani munshari mai kauri da ke fita daga maƙogwaronsa. Auta ya san sautin: harshe ne ya koma baya ya tare hanyar iska. Ya durƙusa ta saman kansa, ya tallafe kan da tafukansa biyu don kada wuya ya motsa, ya sa yatsu a bayan muƙamuƙi ya turo shi gaba. Munsharin ya ɗauke. Ya kai kumatunsa kusa da bakin mutumin, idonsa a kan ƙirji. Ya gani, ya saurara, ya ji ɗumin iska a fatarsa.

"Yana numfashi, Baba. Amma in na saki, zai toshe."

"To kada ka saki. Waya ba ta kamawa a ramin nan. Bari in kafa alama a kwanar can kada wata ta afko mana, in hau tudu in kira asibiti, in sauko da gadon ɗaukar majinyaci da abin tallafe wuya. Ko ƙaiƙayi ya kama ka, ka haƙura."

Takunsa ya yi nisa. Hasken da ya rage ya fara tsanewa daga ganyen itatuwa. Ƙarfen motar na hucewa, yana ƙas, ƙas, ƙas. Auta na ƙirga numfashin mutumin a zuci. Ɗaya. Biyu. Uku.

Sai aka kurma ihu daga cikin duhuwar da ke bayansa.

Ashe su biyu ne a motar? Ya ɗan yunƙura, sai maganar Sista ta danne shi: "Mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru, shi ne naku."

"Yi haƙuri!" ya ɗaga murya. "Kada ka motsa! Ana zuwa!"

Ihun ya sauka, ya koma nishi. Nishin ya koma magana.

"Tsigi."

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiransa Tsigi, tun yana ƙanƙane yana bin sa a baya da wando na zamewa. Kuma da hannunsa ya zuba masa ƙasa a kabari.

"Tsigi, ƙanena, ni ne. Ka bar ni a nan ka tafi wajen bare?"

Muryar ce. Har ɗan kaushin nan na mai yawan dariya. Iska ta kawo ƙamshin sabulun da Yaya ke wanka da shi, a ƙarƙashinsa kuma warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yanzu ai ka iya. An koya maka. Zo ka gyara abin da ka ɓata."

Auta bai san lokacin da ya saki ba. Ya dai ga kansa a tsaye. Taku ɗaya. Taku biyu. Ciyawar ta kai masa gwiwa, ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashin takalminsa. A bayansa munsharin ya dawo. Ya yi sau biyu. Na uku ya yanke a tsakiya.

Shiru a baya. A gaba kuwa muryar na ta zuba.

"Zo mana Tsigi zo ka tallafe ni kaina na ciwo wuyana na ciwo ba zan gaya wa Inna kai ne ka ba ni ruwan ba zo kawai zo ka riƙe ni..."

Wata uku yana ƙirga numfashin mutane, har a mota, har a barci. Kunnensa ya saba, ba ya jiran izini. Ya tsinci kansa yana jiran wurin da mai maganar zai tsaya ya ja iska.

Goma. Ashirin.

Bai tsaya ba.

Arba'in.

Duk mai magana sai ya shaƙa. Yaro ma in yana tsala kuka sai ya yanke ya ja. Wannan kuwa fita kawai take yi, kamar famfon da aka manta a buɗe.

Babu ƙirji a bayan muryar nan.

Auta ya juya da gudu. Ya zube a kan gwiwoyinsa, ya tallafe kan mutumin, ya turo muƙamuƙin. Leɓɓan sun fara sauya launi. Ƙirjin bai motsa ba.

"Ja," ya ce a hankali. "Don Allah ja."

Ƙirjin ya ɗaga. Iska ta shiga da ƙara kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

Muryar ta ɗauke.

Ƙwari ma sun yi shiru.

Sai ciyawa ta fara ƙara a bayansa. Ba taku ba ne. Ja ne, kamar ana jan jiƙaƙƙen bargo.

Jan ya tsaya daf da bayansa.

"Tsigi." A cikin kunnensa. "Ƙishirwa nake ji."

Leɓe na taɓa kunnen, amma ko ɗigon iska bai ji ba. Fatar nan da aka koya wa jin numfashi ba ta ji komai ba.

Ya runtse ido, ya nemi tsarin Allah. Ya koma ƙirgawa, a fili yanzu.

"Ɗaya."

Wani sanyi ya zagaye wuyan hannunsa na dama. Yatsu ne, dogaye, sun zagaya har sun haɗe sun wuce. Suka fara ja.

"Biyu."

Safar hannun ta yage. Ya kafe gwiwar hannunsa a ƙasa.

"Ni ka saki ranar nan. Shi ba za ka saki ba?"

"Uku." Hawaye na ɗiga a goshin mutumin. "Yaya ya rasu. Huɗu. Wannan yana da rai."

Jan ya ƙaru har ƙashi ya yi ƙara. Yatsansa ɗaya ya zame daga muƙamuƙin. Ya mayar da shi.

"Biyar."

Hasken tocila ya faɗo daga saman gangaren.

Aka sake shi lokaci guda, har ya kusa kifawa a kan majinyacin.

Baba ya sauko da gado a kafaɗa. Bai yi tsokana ba. Ya durƙusa, ya zura abin wuyan, ya ce cikin raɗa, "Kada ka waiwaya. Da na ce uku, mu juya shi tare."

Suka ɗaure shi a gado, suka hau da shi. Kafin Baba ya rufe ƙofar baya, ya haska tocilar sau ɗaya ta wajen duhuwar. Ga sawun Auta nan a cikin ciyawa. Inda ya ƙare, saura taku ɗaya, ƙasar ta yanke. Tsohon ramin haƙar dutse ne, cike da baƙin ruwa, ko motsi ba ya yi.

Sai da fitilun gari suka bayyana Auta ya iya magana ta ƙaramar tagar da ke tsakaninsu.

"Baba, ka ji shi?"

Baba bai ɗauke ido daga titi ba.

"Na ji. Amma ni ba muryar namiji na ji ba."

Auta ya koma ƙirga numfashin mutumin.

Mutumin ya rayu. Likita ya ce ƙashin wuyansa ya tsage, da an ɗaga shi yadda aka saba, ko da an bar harshen nan minti kaɗan, da wani zancen ake yi. Bayan wata biyu ya zo da ƙafarsa, da 'yarsa ƙarama riƙe da hannunsa, ya yi godiya har ya rasa abin cewa. Ya ce shi kaɗai ne a motar.

Shatin yatsun da ke wuyan hannun Auta ya yi mako uku ya baje. Abin da bai dawo ba shi ne muryar Yaya. A da, in ya kwanta ya rufe ido, yakan ji ta ras, tana kiransa cin abinci ko tana yi masa dariya. Yanzu da ya fara tunawa sai waccan ta shigo, mai zuba ba tsayawa, dole ya tashi zaune ya kunna fitila.

Wata rana Inna na ninke rigunan marigayin ta ce, "Auta, kai da ka iya kwaikwayonsa, yi mini yadda yake kiran nan naka in ji."

Ya buɗe baki. Ya rufe.

"Na manta, Inna," ya ce, ya karɓi rigar ya ƙarasa ninke mata.