Layin da Ya Fara da Lamba

Safiyar Litinin aka buɗe ɗakin sanyin kifi a kasuwar Mile 3, aka tarar da Kallamu ɗan dako a jikin ƙofa, ya sandare, farcensa duk sun kakkarye.

Sufeto Dogara ya daɗe yana kallon ƙofar. Mai wurin, Alhaji Gwadabe, ya ce akwai ƙararrawa: in ƙofa ta rufe da mutum a ciki, bayan minti biyar sai ta hau kuka. Ran Asabar ba ta yi ba.

"Wa ke kula da ita?"

"Manhaja ce, yallaɓai. Muhsin ya rubuta, Juwairiyya ke taya shi."

Kafin azahar Juwairiyya tana bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Kwamfuta ta nuna da sunanta aka shiga ran Juma'a, aka mai da biyar ta koma dubu biyar.

"Oga, I no touch am. Wallahi ban taɓa ba."

Dogara bai san yaren kwamfuta ba, sai da ya girma ya zauna a aji. Amma ya sa aka buga masa aikinta, shafi arba'in, ya bi da yatsa har la'asar.

"Wannan layin me yake yi?" ya tambaye ta.

"Gwadawa yake, ko mintocin sun kai iyaka."

"Naki duk da kalma suke farawa, lamba a ƙarshe. Wannan da lamba ya fara."

Ta duba, ta sunkuyar da kai.

"Wa ke rubuta haka?"

Ta ƙi kama suna. Muhsin ne ya koya mata aikin.

A ɗakinsa na unguwar Borokiri, Muhsin ya rantse rabonsa da manhajar tun bara. Dogara ya karɓi ruwa ya sha, ya roƙe shi ya nuna wa tsoho yadda gwanaye ke rubutu. Muhsin ya saki jiki, ya buɗe kwamfuta.

"Ka gani, baba? Ni lamba nake sawa farko. Malamina a Enugu da rula ya koya min. Ko ka manta alama ɗaya, na'ura za ta kama ka. Yaran yanzu ba sa yi."

"Juwairiyya fa?"

"Ita? Na yi na yi, ta ƙi."

Dogara ya zaro takardar daga aljihu, ya ajiye, ya ɗora yatsa a kan layin.

Muhsin ya karanta sau biyu.

"Ƙararrawar kuka take yi ba dalili," ya ce a hankali. "Alhaji ya ce ko in gyara ko ya nemi wani. Na ce in kashe bakinta zuwa Litinin. Kwamfutar Juwairiyya na samu a buɗe."

"Kuma ka bar ta a ɗaure."

Muhsin ya miƙa hannuwansa. Da aka sa masa ankwa ya tambaya, "Kallamu ya daɗe yana buga ƙofar?"

"Likita ya ce awa shida. Mu je."