Ɓaure Tara a Bishiyar Mama

Kai ma ka kau da kai, kada ka musa. Ka zo ƙauye lokacin kaka, ka ci ɓaure ka lashe yatsa, ka koma birni ba ka taɓa tambayar tsohon da ya miƙo maka yadda aka yi ya nuna ba. Lefteris ɗina ma bai tambaya ba, kuma saura ƙiris hakan ya raba mu.

A birnin Atina na ƙasar Girka ya girma, sona ne ya dawo da shi ƙauyenmu. Da sanyin bara Baba na kwance da ciwon ƙugu, sai Lefteris ya ɗauki gatari ya gyara mana gona don ya burge shi. Har da ɓauren jejin da ke jikin katanga ya sare.

"Ai na ga ba a cin 'ya'yansa, Baba Stelios," ya faɗa yana murmushi.

Baba ya yunƙura zaune.

"Ba a ci?! Shi kaɗai ya rage a ƙauyen nan! Ƙwarin cikinsa ne ke shiga 'ya'yan sauran, in ba su shiga ba duk su zube ɗanye. Argiro, fitar min da sarkin gatarin nan!"

"Baba, wa ya koya masa? Ku kun rufe saninku a ciki, mu kuma mun tsere birni, sannan..."

"Ke da digirinki na noma kina ina? Ba zan ba shi ke ba!"

Gaskiya ya faɗa. Kuma ina zan je in bar Baba? Mama ta rasu, yayyena biyu suna Jamus.

Wata biyar Lefteris bai tako gidanmu ba. Wata safiya a watan Yuni na fito, sai na ga ɓauren jeji an zira a zare, an rataya a bishiyar da Mama ta dasa. Shi kuma yana tsugune a gindinta, ƙaron ɓaure ya ƙona masa hannaye duk sun yi bororo.

"Lefteris! Ina ka samo?"

"Can cikin kwazazzabo. Wata tsohuwa ce ta kwatanta min, bayan ta gama yi min dariya. Na makara, hasken idona... na bishiya ɗaya kawai na samu."

Na riƙe hannayen ina kuka.

Lokacin kaka ya zo. Gonar duk ta zube, sai bishiyar Mama ta tsaya da guda tara. Lefteris ya kawo cukun akuya daga wurin gwaggonsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

Na tsaga kan kowane ɓaure gida huɗu, na cusa cuku, na ɗiga zuma, na sa a tanderu har cukun ya narke, bakin ɓauren ya yi ja. Haka Mama ke yi kafin a kawo abinci. Tun rasuwarta Baba ya hana a yi.

Na ajiye a gaban Baba. Ya daɗe yana kallo.

"Na wace bishiya ne?"

"Ka sani, Baba."

Ya ɗauki ɗaya ya ci. Hawaye ya gangaro cikin gashin bakinsa.

"Cukun ya yi gishiri," ya ce. Sai ya ɗaga murya, "Kai sarkin gatari! Tsayuwa za ka yi ta yi kamar turke? Shigo, nuna min hannun nan."

Lefteris ya miƙa. Baba ya shafa tabon a hankali.

"Ka san kwazazzabon yanzu. Da sanyi ka yanko min reshe, ni zan nuna maka yadda ake dasawa. Ranar da ya yi ganye, ka turo manyanka."

A watan Afrilu ya yi ganye huɗu. Baba da kansa ya fara rawa ranar bikinmu, da ƙugun nasa da komai.

Kai fa? Tsohonka na can da saninsa, ba wanda ya tambaye shi. Kada ka jira kaka. Tashi ka je, ka zauna a gabansa, ka tambaye shi wace bishiya ce ba a sarewa.