Ɗakin da Auta Ta Zana Babu Ƙofa

Ina cikin naɗe wayar walda, rana ta yi ja, sai ga Auta ta faɗo shagona da doguwar takarda a nannaɗe a hammata.

"Yaya, tashi ka kai ni wani fili. Hoto kawai zan ɗauka mu dawo."

Na ce, "Yanzu? Magariba fa ta kawo kai, Injiniya."

"Na sha gaya maka ni ba injiniya ba ce. Mai zanen gini ce."

"To mai zane, ba ki da agogo ne?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Da ma ta daɗe da daina dariya, tun da jami'a ta zaɓe ta cikin wani shiri da su ɗaliban ke kira yanke. Wai kana cikin digirin farko a haɗa maka da darussan na biyu, a rage maka shekara guda, ka fito da duka biyun a hannu. Shekarar da aka yanke kuwa ita ce wadda ake fita da ɗalibai su taka filaye, su ga gini da idonsu. Auta ba don son girma ta shiga ba. Mama ce ke kwance, ƙafafu sun daina ɗaukarta, kullum maganarta ɗaya: "Allah Ya nuna mini Auta cikin rigar gama karatu, daga nan ko me ya zo ya zo." Shi ya sa yarinyar nan ta haramta wa kanta barci, ta rame kamar sandar tsintsiya.

A kan babur take gaya mini sauran. An ba ta fili a bayan gari ta zana asibitin yara a kai. Hotonsa na sama kawai ta gani a kwamfuta, ta yi zanenta ta miƙa. Sai yau malaminsu ya ce kowa ya kawo hoton kansa a tsaye a filinsa.

Na ce, "Wato kin gama gini ba ki taɓa ganin ƙasar ba? Kai, boko!"

"Ina lokacin yake, Yaya?"

Kwalta ta ƙare, muka bi ta burji. Filin fetal yake, ciyawa iya gwiwa, babu ko bulo ɗaya. Na kashe babur. A nan na fara jin abin bai yi mini ba. Babu kukan tsuntsu, babu na gyare. Ga kuma warin ɗanyen siminti, irin na ginin da aka yi wa yaɓe jiya.

Muka kutsa cikin ciyawa, ina gaba. Ban ankara ba goshina ya daki wani abu, har sai da na ga wuta. Na miƙa hannu. Bango ne, mai sanyi, mai kaushi. Amma idona ciyawa kawai yake gani har can ƙarshen fili.

Auta ta shafa wurin, ta bi shi da tafin hannu, ta tsaya. Muryarta ta koma raɗa.

"Yaya, nan ne bangon gabas. Ƙofar shiga tana hagu."

Ta matsa hagu, hannunta ya wuce. Na kamo mayafinta in ce mu juya, sai muka ji bugun.

Ƙwas. Ƙwas.

A hankali, daga can kusurwa. Irin bugun ƙaramin hannu da ya gaji.

Wallahi na so gudu. Auta ce ta yi gaba, ni kuma ba zan koma wa Mama ni kaɗai ba. Muka bi wani lungu da ba ma gani, takunmu yana amsa kuwwa kamar a cikin gini.

A kusurwar wata mata na durƙushe. A durƙushen ma ta fi ni tsawo. Tana ta kartar iska da hannu biyu, ƙarar kartar tana shiga har haƙorina. Yatsunta sun cinye, babu farce ko ɗaya.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke ce mai zanen?"

Auta ta ƙanƙame takardarta. Matar ta ci gaba:

"Bangonku na ƙasa ba ya tare mu. Na takarda ne ke tare mu. Duk layin da kuka ja a kan filinmu, a wurinmu ya ginu. Na gabanki sukan zo su yi sallama, su zaga, su auna. Mu gane, mu kwashe yaranmu. Ke ba ki zo ba."

Ƙwas.

"Ɗana yana barci a nan ranar da kika ja layin. Ina ƙofar ɗakin nan?"

Auta ta zube ta warware takardarta, na haska mata da waya. Ta bi da yatsa har ɗakin kusurwa. Bango huɗu, sun haɗe ruf. Ni da sana'ata ƙera ƙofa ce, takardar nan ta sha kwana a teburinmu, ban taɓa lura ba. Malaminta ma bai lura ba.

"Mantuwa ce," in ji Auta, tana kuka. "Wallahi mantuwa ce, sauri nake yi. Bari in gyara."

Ta zazzage jaka. Fensir ya faɗa cikin ciyawa. Muka hau lalube.

Ƙwas.

Na samo shi. Ta hau goge layin, takarda na neman yagewa.

Ba mu ƙara jin bugun ba.

Ta ja ɗan bakan nan da suke yi alamar ƙofa. Nan take wani abu ya yi ƙara a gabanmu, ƙiii, kamar sabon ƙyaure. Wata iska mai ɗumi ta fito, mai warin rufaffen ɗaki.

Matar ta sunkuya ta shiga. Ta ɓace.

Da ta fito tana rungume da wani abu, ƙafafunsa na reto.

Ba ta yi kuka ba. Na fi son a ce ta yi. Ta juyo, ta dubi Auta, idanunta a bushe.

"Kina da uwa?"

Na fizgi hannun Auta. Muka ruga, na daki bango, na sake dukan wani, jini ya rufe mini ido. Auta ce ke ja na tana haki: "Dama! Miƙe! Hagu!" Zanenta ne, ta haddace shi. A bayanmu ba a biyo mu ba. Abu ɗaya kawai nake ji, ƙarar jan layi a ƙasa, a hankali, sau huɗu.

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin ba. Da muka iso gida na ce alhamdulillahi, mun tsira. Na wanke goshina na nufi ɗakin Mama. Ƙofarta a buɗe, fitila a kunne, tana jingine da filo tana jan carbi.

Auta ta tsaya a bayana.

"Yaya, ina ɗakin Mama?"

"Ke, ba na son shashanci. Ga shi a gabanki."

"Bango nake gani."

Na ja ta da ƙarfi. Ta daku da iska, leɓenta ya fashe. Mama kuwa ta ɗago tana kallon daidai inda Auta take, ta ce, "Kai kaɗai ne? Ina 'yar uwar taka?"

Babu abin da ba mu yi ba. Na ɗauko Mama na kawo ta falo, Auta ta ce ga ɗaki nan ya tsaya a tsakiyar falo. Muka kai ta asibiti, bangon ya bi ta. Malamai sun yi addu'a har muryoyinsu suka dushe. A waya ma shiru kowaccensu ke ji. Hoton Auta idan na nuna wa Mama, farin bango take gani. Na ƙera ƙofa ta ƙarfe da hannuna na kafa a tsakaninsu, kowa ya bi ya wuce, ban da Auta. Ita kuma ta zana ƙofa a takarda, a ƙasa, a jikin bangon ɗakin, har fensir ya fasa mata yatsa. Mun koma filin mu roƙi matar, ba mu tarar da komai ba sai ciyawa da kukan gyare.

Bugu kaɗai ke wucewa. Auta ta ƙwanƙwasa iska, Mama ta ji can nesa, ta buga zobenta a ƙarfen gado. Da haka suke gaisawa safe da yamma.

Sakamako ya fito, digiri biyu, Auta ce ta ɗaya. Ta sa rigar da hular ta zo ta tsaya iya inda bangon ya tare ta, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ni na tsaya ina ba Mama labari, launin rigar, yadda hular ta karkace. Mama ta yi ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ta yi kyau ko? Ka ce mata ta daure ta leƙo ni, ko a tsaye ne."

Na fita waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Auta ba ta nemi aiki ba. Tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar Mama, kunnenta a manne da abin da ita kaɗai ke gani. Ranar nan na dawo daga shago da magariba na same ta a haka. Ta ƙwanƙwasa, ta saurara. Ta sake ƙwanƙwasawa.

Ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, shiga ka duba mini. Ta yi shiru."