Wanda Ya Riga Ni Dubawa

Ana shirin kiran magariba aka ɗauke wuta a unguwarmu, Ayigya Zango. Na ja tsaki, don ranar Alhamis zan kare aikina a jami'a, ga batirin laftof ɗina ya kusa mutuwa.

Shekara biyu ina ƙera harshen da za a riƙa ba kwamfutar kwantum umarni da shi. Injin nan abin mamaki ne: ƙwayar lissafinsa tana zama sifili da ɗaya a lokaci guda, sai an duba ta sannan ta tsaya a kan guda. Saboda haka babban umarnin harshena shi ne "duba".

Mai gidanmu, Baba Mumuni, yana da tsohon sito a bayan gida mai wutar sola. Ya miƙo mini mabuɗi.

"Ruwaida, ki yi sallama kafin ki shiga," in ji shi.

"Baba, ɗakin da ba kowa?"

Ni da taurin kai, na banka ƙofa kawai.

Ciki warin tsohon goro da danshi. Na jona laftof, na soma gwaji. Hon ɗin motocin haya na trotro da nake ji daga titi ya ɗauke ɗif.

Amsa ta fito a allo. Ban rubuta "duba" ba tukuna.

Na goge, na sake. Ta kuma fitowa. Wani ne ke riga ni dubawa.

Sanyi ya taɓa ƙeyata.

"Ina nan, kuma ba na nan," aka raɗa mini. "Ki waiwayo mana."

Na ƙi waiwayawa. Na fi kowa sanin abin da dubawa ke yi: in na dube shi, ya tabbata.

Allon ya fara dushewa, yana komawa madubi. Na hango kafaɗata, da gefen wani abu.

Na rintse ido, na kife laftof, na lalubi bango ina jan Ayatul Kursiyyu har waje.

Da safe Baba ya yi sallama sau uku, ya shiga siton ya ɗauko mini laftof ɗin. 

Aikin na nan, amma an cire "duba" daga kowane layi. Ba tare da shi ba, harshena ba zai taɓa ba da amsa ba. Haruffa huɗu ne kacal, hannuna ya ƙi rubuta su, don ban san wa zan tabbatar ba.

Ranar Alhamis aka kira sunana sau uku. Ina zaune a bakin zauren kare aikin, ina kuka, ban tashi ba.