Tafin da Almakashi Ya Kasa Zubarwa

Ranar da ta fara hawa ɗakin aikinsa, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba ta dire masa faifan ajiya a kan tebur, gefen kofin shayin da ya huce.

"Kai ne mai yanka bidiyo? Babana ya ce hannunka na da kyau, amma wannan kwamfutar taka ai ta girme ni."

Ya ɗago daga allo. Ɗakin duhu ne, labule biyu ya liƙa a taga don kada rana ta ɓata masa kala, sai ga ta tsaye a bakin ƙofa da jakar kyamara a kafaɗa. Bawan Allah ya waiwayi tsohuwar kwamfutarsa. Fankar kwamfutar ce kawai ke gurnani a madadinsa.

"Tana tari, amma ba ta taɓa kunyata ni ba," ya ce da ƙyar.

"Za mu gani, Malam Almakashi."

Shi ke nan suna ya bi shi.

Babanta tsohon mai hoto ne, situdiyonsa na ƙasan benen. Ita ke fita ɗaukar bidiyo, shi kuwa Almakashi ya haɗa a sama. To, kyamara daban take, na'urar ɗaukar murya daban. Don haka kafin kowace ɗauka sai ta miƙo hannuwanta gaban kyamara ta yi tafi ɗaya, a kan ƙarar nan yake daidaita murya da hoto. Ƙa'idar aiki ita ce ya daidaita, ya yanke tafin, ya zubar.

Daidaitawa yana yi. Yankewa yana yi. Zubarwar ce ta gagari ɗan mutane.

Ya buɗe wani layi daban a cikin manhajar, yana jera tafin ɗaya bayan ɗaya. Babu fuska, hannuwa ne kawai da siririn zobe a ɗan yatsa. In aiki ya yi sauƙi sai ya kunna, ya tallafe haɓa yana kallo kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Saƙonni kuwa da aiki suka fara.

"Almakashi, tsohuwarka ta haɗiye aikin jiya ko ta shaƙe?"

"Ta haɗiye, Mai Tafi. Amma yau tafinki ba ƙarfi. Lafiya?"

"Na ƙone a yatsa. Wai har tafi kake wa gwaji?"

"Shi kaɗai nake samu."

Ta daɗe tana kallon wannan saƙon, har mamanta ta tambaye ta ko wayar ce ta ba ta dariya.

Ana haka wani dillalin kayan aiki ya fara zarya situdiyon, mutum mai turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Yau ya kawo fitila a gwada, gobe ya kawo ruwan tabarau na kyamara, idonsa kuwa ba a kan kaya yake ba. Da kawun Almakashi ya je wa babanta da maganar aurenta, tsohon ko gilashinsa bai cire ba.

"Yaron da ya kasa zaɓar injin kirki, yana zaune a duhu kamar jemage? Ku yi haƙuri."

Sati bai cika ba dillali ya kawo wata 'yar na'ura mai daidaita murya da hoto da kanta. Ya kuma ce daga wata mai zuwa a riƙa kai haɗin wurinsa, yana da babban inji da sabuwar manhaja. Baba ya amince.

Faifai na gaba da ya hau sama, Almakashi ya buɗe ɗauka ta farko. Babu tafi. Ta biyu, babu. Ya bi guda talatin da bakwai, ko inuwar yatsa bai gani ba. Ya ce a ransa, ta ba da amsa ke nan. Ya rubuta saƙo ya goge ya fi sau goma. Ita kuma a ƙasa tana ta juya waya, tana cewa ashe da Baba ya ce a'a sau ɗaya har ya saki. Bene ɗaya, matakala goma sha huɗu, amma kowa ya zauna da ciwonsa.

Aikinsa na ƙarshe tallar wani shagon kujeru ne. Ya gama, layuka biyu na buɗe a gabansa, na tallar da na tafin, idanu sun yi jawur. Ya danna fitarwa, ya aika ƙasa ko dubawa bai yi ba.

A falon gida aka kunna: Baba, Mama, ita, da dillali da ya zo gaisuwar da ba a gayyace shi ba. Ana jiran kujeru, sai ga hannuwa. Tas! Wasu hannuwan. Tas! Minti tara cur.

Dillali ya kwashe da dariya. "Baba, ka gani ko? Aikin tsohon inji ke nan."

"Mayar baya," in ji Baba.

Ya matso da kujera har hancinsa na neman taɓa allo. Wannan a rana aka ɗauka, wannan a ƙarƙashin fitila, wannan da hadari, amma kalar fatar ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan yatsa mai filasta, hoton ya rage gudu, kamar mai tafiya a hankali kada ya fama ciwo.

"Da waccan akwalar kwamfutar ya gyara kala haka?"

Mama ta gyara zama. "Baban yara, in ɗauko ambulan ɗin nan na ƙasan akwatinka? Hotunana arba'in tun ina budurwa, duk na rufe ido a ciki, ka ce wa maigidanka sun lalace ka zubar."

Tsohon ya yi tari irin na kwamfutar. 'Yarsa kuwa ta rufe fuska da hannuwan da aka gama kallo, hawaye na bi ta tsakanin yatsu. Dillali ya tuna yana da wani uzuri.

Da yamma saƙo ya shigo sama.

"Almakashi, ka aika aikin da ba shi ba."

"Na gani. Na shiga uku. Ki ba Baba haƙuri."

"Ya ce kawunka ya dawo. Ya ce kuma ka buɗe labule ko sau ɗaya ya ga fuskar surukinsa. Ni ban daina tafi don kaina ba, na'ura ce ta hana ni."

"Na yi kewarsa, Mai Tafi."

"Shi kaɗai?"

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙe kyamara, da 'yar na'urar dillali maƙale a jikinta, ba a bukatar tafin kowa. Amma da ya ce an fara ɗauka, amarya ta saci kallon ango, ta miƙo hannuwa gaban gilashi. Tas!

Wannan karon har da fuska.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, tsohuwar kwamfuta kuma Allah Ya ƙara mata numfashi.